Koren Kwallin Kwamiti

Akawun kwamitin biki ya ajiye wata 'yar batta a kan faifaina ranar Talata, ya ce in sa abin da ke cikinta a idona.

Dawowata ke nan daga layin kananzir. Tun da hantsi nake tsaye da kwalba a hannu. Da layi ya zo kaina aka ce ya ƙare, amma aka yi mana albishir cewa wani yana tafe daga kudu a cikin lore, wato babbar mota. Loren nan tun bara yake tafe. Allah ya kawo shi lafiya, ya sha hanya. Na koma kasuwa da kwalbata yadda na fita da ita, na tarar da baƙo a kan kujerata, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sidiki mai kwalli, na bakin ƙofar kasuwar Tamale, gefen masu goro. Ubana ma nan ya zauna. Dutsen kwalli nake saya a hannun fatake, in niƙa da hannuna, in tankaɗe, in ɗura a tandu. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma gadonta na yi. Duk sabon niƙa, idona na hagu ne ke fara ɗanɗana shi, a gaban jama'a. Na dama in bar shi haka don a gwada. Sai in zauna har la'asar, mata su zo su leƙa. In ido ya yi ja, a zubar. In bai yi ba, a saya. Shi ya sa mai jego take sa wa jaririnta kwallina ba ta nemi shawarar kowa ba. Ba ni da gona, ban yi boko ba. Abin da na faɗa a kan faifan nan, shi nake ci.

Shi wannan baƙo nawa, sunansa ba zai ƙara muku komai ba. Muƙaminsa ya fi shi tsawo: Mai Girma Akawun Kwamitin Tarbar Babban Baƙo. Ya shaƙe wuyansa da ƙyalle cikin zafin nan, ya tsaga gashin kansa gida biyu. Bai tashi daga kujerar ba. Ya kira ni Oluman, wato tsoho a bakinsu. Na ce masa sunana Sidiki. Ya ce to, Oluman Sidiki.

Ga abin da ke tafe da shi. An kafa famfo a unguwar Gumbihini, kuma wani babba zai zo daga nesa ya buɗe shi. Na tambayi aikin wannan babba. Akawu ya ce babba ne dai ƙwarai. Kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya yanke shawara cewa matan kasuwa za su jeru a bakin hanya su zama tutar sabuwar ƙasarmu. Jan ɗankwali a ka, zane ruwan ɗorawa a jiki, kore a ido. Don haka aka yo odar battoci kwali guda daga ƙetaren teku.

Ku duba hikima, jama'a. Wasu ƙasashe sai sun sayi yadi sun kai wa tela kafin su sami tuta. Namu manyan sun gano cewa ga mata nan zaune, ba ɗinki, ba igiya.

Ɗankande mai goro, maƙwabcina a rumfa, ya sa baki ba a tambaye shi ba. Ya ce shi a tutar da ya gani kore a ƙasa yake, don haka a ƙafa ya kamata a shafa. Akawu ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Na tabbata za a sake dafa shayi.

Matsalar dai ita ce mata sun ƙi. Mma Azeta, magajiyar kasuwa, ta ce ba idon da zai ga wannan abu sai idon Baba Sidiki ya gan shi. Abin da ya kawo Mai Girma kujerata ke nan.

Da ya gama bayani sai ya ɗaga kai yana kallon rufin rumfata. Ya ce ashe ban sani ba, shi ne kuma akawun kwamitin rabon rumfuna. Za a rushe waɗannan na zana, a gina na siminti da kwano. Waɗanda suka taimaki ci gaban ƙasa za su zauna bakin ƙofa. Sauran kuma akwai fili mai yalwa a baya, inda masu kifi ke zubar da ruwansu. Da murmushi ya faɗa. Yaron yana da haƙora masu kyau.

Na ɗauki battar. Ba ta cika tafin hannu ba. Baƙa ce mai santsi, in ka danna wani ɗan ƙarfe sai ta buɗe da kanta. Akwai madubi a murfin. Cikinta gida huɗu, kowanne da irin nasa koren. Ɗaya kamar garin kuka. Ɗaya kamar lalle kafin a kwaɓa. Ɗaya miyar ayoyo sak. Na ƙarshen yana ƙyalli, irin na ruwan kududdufin bayan tasha. A gefe ga wani ɗan soso a bakin tsinke. Na sunsuna, ƙamshin sabulu. Na ɗan lasa, alli. Ɗankande ya ce in an sa daddawa shi zai gwada da tuwon zafi.

Kafin in ɗago, mata sun kewaye rumfa. Masu tattasai, masu man kaɗe, masu koko, kowa ta bar kayanta. Na ture ɗan soson nan gefe, don na ɗauka abin wasan yara ne. Na zaro tsinkena na tagulla, na dangwali mai kama da kuka, na yi bisimilla, na ja shi a cikin idon hagu daga wannan lungu zuwa wancan, yadda ake sa kwalli tun da aka halicci ido.

Na zare tsinken. Ni ba na kuka a gaban mata. Idon ne ya yi kukansa, ba da izinina ba. Hawaye kore shar ya gangaro ta gefen hanci ya shige gemu. Ji na yi kamar an share kasuwa an juye mini sharar a ciki. Ɗankande ya leƙo, ya ce damina ta sauka a rabin fuska, a jira kaɗan gemun zai fid da ciyawa, a kawo akuya. Akawu yana tsaye yana gyaɗa kai, yana ce wa mata haka yake yi da farko, alamar mai kyau ne.

Na buɗe baki zan yanke hukunci a zubar, sai Salimatu mai keken ɗinki ta matso. Ta yi zaman aure a Kumasi, ta ga duniya. Ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba.

"Baba, ba a ciki ake sawa ba. A kan fatar ido ake shafawa, daga waje. Da wancan soson da ka yar."

Na ce na sani. Ban sani ba.

Amma ku gaya mini, wane irin kwalli ne wannan da ba ya shiga ido? Kwalli aikinsa ya shiga, ya wanke, ya sanyaya, ya ƙara gani. Wannan a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi ado, kamar akawun da ba ya shiga layin kananzir amma fitilarsa ba ta mutuwa. Shi Mai Girma kuwa, da ya ji bayanin Salimatu, sai ya ce ai abin da yake shirin faɗa ke nan.

Gwaji dai gwaji ne. Ba zan kashe abu a kan kuskurena ba. Idon hagu ya tafi hutu, don haka karo na farko a rayuwata na sa na dama aiki. Sai ga wata sabuwar wahala. In za ka shafa sai ka rufe idon, in ka rufe kuma ba ka ganin inda kake shafawa, ɗayan kuwa yana ta zuba. Ba macen da ta isa ta taɓa mini fuska a tsakiyar kasuwa. Ana cikin haka sai ga Sanatu, matata, da kwanon abincin rana.

Aka yi mata bayani. Ta ajiye kwano, ta goge hannu a zane, ta karɓi soso. Ta ce in rufe ido. Na rufe. Ta ce in daina motsa gira. Na daina. Ta ce tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa cewa in yi abu biyu a jere na yi ba, Allah ya saka wa kwamiti da alheri. Tana ta danne dariya. Duka huɗun ta shafa, ɗaya bisa ɗaya, har gindin gira, wai don gwaji ya cika.

Haka na zauna. Hagu ja, dama kore. Ɗankande ya ce saura ruwan ɗorawa in zama tuta ni kaɗai, a ɗaura ni a sanda, mata su huta. Wani Bagwanje ya zo sayen kwalli, ya dube ni, ya ce zai dawo gobe. Da azahar na yi alwala, koren ya bi ruwa, aka sake shafawa. Na lura da wannan, na kuma faɗa wa akawu cewa kayansu ba ya jure ruwa. Ya ce ranar biki ba za a yi ruwa ba, kwamiti ya riga ya duba.

Da la'asar mata suka dawo. Mma Azeta ta sa na ɗaga kai, ta duba sama, ta duba ƙasa. Idon dama fari tas, ba ƙaiƙayi, ba kumburi. Na faɗi gaskiya: ba ya cutarwa, ba ya magani. Wadda take so ta shafa, daga waje. Da ya yi ja da na ce ya yi ja, ko da za a kai rumfata cikin ruwan kifin.

Mma Azeta ba ta matsa ba. Ta riƙe ƙugu.

"Baba Sidiki, saura ɗaya. Namu ne ko aro ne? Da bakinka nake son ji, ba da na mai ƙyalle a wuya ba."

Na juya na tambayi akawu a gaban kowa. Ya dafa ƙirji. Ya ce kyauta ce, daga sabuwar ƙasa zuwa ga uwayenta, zamanin karɓe wa talaka abu ya tafi tare da Bature. Ya yi maganar da kyau, har wata mai albasa ta yi guɗa. Na juyo wurin mata na ce kyauta ce, kowa ta riƙe tata. Da bakina na faɗa. Sai a lokacin suka miƙa hannu.

Sanatu ma ta samu. Ba ta cikin masu jeruwa, amma Mma Azeta ta ce ladan shafa ne. Na dai lura a kwanakin nan ana daɗewa kafin koko ya iso da safe. Wata rana na leƙa na same ta zaune a bakin ƙofar ɗaki, batta a buɗe, tana kallon kanta. Madubin da muke da shi wani ɓallen gilashi ne da aka liƙa a bango tun zamanin uwata, sai ka zaɓa, ko ka ga goshi ko ka ga haɓa. Wannan kuwa nata ne, yana shiga bakin zane. Mai kama da lalle take shafawa, kaɗan, don kada ya ƙare. Ta tambaye ni yaya na gani. Na ce ba ya cutarwa. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Na ce kokon ya huce.

Ranar biki kuwa sai godiya. An jera mata tun rana ba ta yi zafi ba, daga kwanar Gumbihini har gindin famfo. Gaskiya da safe sun yi kyau, ban taɓa ganin tuta mai taunar goro ba. Aka ce Babban Baƙo ya taso. Rana ta take tsaka aka ce ya kusa. Aka yi azahar aka ce yana cin abinci a gidan saukar baƙi. Kwamiti ya yi gaskiya, ba a yi ruwan sama ba. Gumi ne bai samu sanarwa ba. Kafin motoci su iso, koren ya sauko daga ido ya bi kumatu, ya bi wuya, ya shiga zane. Ɗankande ya ce a yi haƙuri, ƙafa yake nema, inda ya ce tun farko.

Babban Baƙo ya fito da baƙin tabarau. Ko kore ne ko shuɗi, shi duk dare ɗaya yake gani. Ya yi jawabi da Turanci, wani ya juya da Dagbanci, wani ya juya da Hausa, kowannensu ya fi na gabansa tsawo. Aka raba wa wasu mata battoci a karo na biyu, waɗanda aka karɓa daga hannunsu minti kaɗan kafin nan, don mai hoto ya samu abin ɗauka. Sannan ya murɗa famfo. Ruwa ya zo. Wallahi ya zo, na gani da idona mai lafiya. Na kuma ga leburori a bayan katangar zana suna juye tulu a cikin duro. Wannan shi ne famfo na farko a duniya da mutane ke ɗebo masa ruwa. Yana zuba har motar ƙarshe ta sha kwana, sannan ya yi tari ya yi shiru. Har yau yana hutawa. Ya yi aiki.

Na ɗauka an gama. Shekaranjiya ina tankaɗe sabon niƙa sai ga inuwa a kan faifai. Mai Girma ne, da kwali a hammata. Wannan karon bai zauna a kujerata ba, don ina kai. Ya dire kwalin a gaban ƙafata. Babu komai a ciki.

Ya ce an samu ci gaba. Babban Baƙo zai buɗe wani famfon a wani gari can gabas, matan can ma suna da ido, kuma kwali ɗaya aka yo oda. Don haka za a tattara battocin, a goge, a kai musu kyauta. Na tuna masa abin da ya faɗa da hannu a ƙirji. Ya ce ai bai yi ƙarya ba, kyauta ce, ta wannan biki. Kyautar kwamiti tana da ƙafa, dole ta zaga ƙasa don kowa ya amfana. Ya ce ya je gidan Mma Azeta ta ce masa tana wanka, ya jira, ta aiko a ce masa wankan na kwana ne. Ya je wasu gidajen aka sako masa kare. Ba wanda za su buɗe wa ƙofa sai ni. Ni na ce su karɓa, ni zan ce su mayar.

Sai ya sake ɗaga kai ya kalli rufin rumfa. Ya ce Litinin za a yi rabo. In kwali ya cika, sunana na bakin ƙofa, siminti da kwano. In bai cika ba, shi ba abin da zai iya yi mini, manya ne a samansa.

Ɗankande ya matso da kujerarsa, ya yi mini raɗa. Ranar nan ba wasa a bakinsa. Ya ce in bi gidajen, in ce an gano koren yana cutarwa bayan kwana biyu, da gudu za su miƙo, ba wadda za ta zarge ni. Ya ce ya saba da ni a gefensa, ba ya son a kawo masa mai sayar da barkono ya riƙa atishawa har ya mutu. Na ce masa in na ce fari ja ne yau, gobe wa zai leƙa idona? Ya ce gobe a bayan masu kifi wa zai zo leƙawa?

Bai yi ƙarya ba. Mai jego ba ta ratsa ruwan kifi da jariri a baya don sayen kwalli.

Ban san Sanatu tana tsaye ba sai da na ji ƙarar kwano a ƙasa. Ta ji komai. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da battar. Ta danna ɗan ƙarfen, ta dubi madubin, ta gyara ɗankwali, ta rufe. Ta sunkuya ta sa ta a cikin kwalin a hankali, kamar mai kwantar da ƙwai.

"Malam, fara da tawa. In sun ga na bayar, za su bayar. Mun tsufa da zaman bayan kasuwa."

Akawu ya ce madalla da uwa mai kishin ƙasa.

Na dubi kwalin. Ƙato ne, batta ɗaya a kusurwa. Na dubi Sanatu, da ɗan koren lalle a fatar idonta, tana kallon wani wuri daban. Na yi tunanin filin nan mai yalwa na baya. An ce ƙudajen wurin suna da manyan idanu, wataƙila a samu ciniki.

Na sunkuya na ɗauko battar, na kama hannun matata na sa mata, na naɗe yatsunta a kai. Na tura kwalin da ƙafa har ya taɓa takalmin Mai Girma. Murmushin ya tafi. Ya tambaye ni me zai je ya gaya wa kwamiti.

"Ka gaya musu ba zan karɓo ba. Ko ɗaya."